Ya zo da ƙafar dama, matsalar tana hagu: lamarin wani dillalin albasa a Mile 12

Kwana huɗu bayan Babbar Sallah, wadda ta faɗo a tsakiyar damina, aka shigo da shi ƙaramin asibitin da nake aikin jinya a gefen unguwar Ketu a Legas. Ɗansa ne ya riƙo shi, shi kuma yana ɗingishi yana salati. Ƙafar dama ba takalmi. Ta hagu tana cikin safa da dogon takalmin roba, irin wanda 'yan kasuwar Mile 12 ke sawa saboda caɓi. Ba zan faɗi sunansa ba, zan kira shi Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa.

Shekararsa 59. Dillalin albasa ne, mutumin yankin Aliero a jihar Kebbi, amma ya fi shekara talatin a Legas. Shekara 11 ke nan da aka gaya masa yana da ciwon suga, hawan jini kuma shekara 6. Da na tambaye shi yadda yake shan magani, sai ya ce, "Idan jiki ya nuna, ina sha." Na daɗe ina jin wannan amsar a bakin iyayenmu, kuma na san ma'anarta.

"Sista, wuta aka sa min a yatsa," haka ya fara. Ya kwanta lafiya lau, wajen ƙarfe biyun dare ciwo ya tashe shi a gindin babban yatsan ƙafar dama. Kafin asuba wurin ya kumbura, ko mayafi ya taɓa shi sai ya ji kamar ransa zai fita. Da na duba, gaɓar ta yi suntum, fatar tana ƙyalli, ta ƙara duhu, zafi rau. A littattafan da muka karanta ana cewa wurin yakan yi ja, amma a fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga duhu da sheƙi, ka ji zafi da bayan hannunka. Sau biyu irin wannan ya taɓa samunsa a shekarun baya, kowanne ya tafi da kansa cikin mako guda, shi ya sa ya ɗauka sanyi ne. A wannan karon ya kwana biyu yana shan maganin rage ciwo na diklofenak daga kemis, haɗe da wasu ƙwayoyi da aka ƙulla masa a leda ba suna. Wani abokinsa ya kawo shawarar a kira wanzami ya yi ƙaho a wurin, ɗansa ya ce sai dai bayan an je asibiti.

Likitanmu Bayerabe ne, ba ya jin Hausa, Turancin Alhaji kuma na ciniki ne, bai kai na faɗin ciwo ba, don haka ni ce tafinta. Likita ya ce in tambaye shi ko yana shan giya. Na san abin da zai biyo baya, na sassauta tambayar iyakar iyawata, duk da haka sai da Alhaji ya tsuke fuska ya ce, "Ke 'yar nan, gaya masa sau biyu na je Makka." Tambayar tana da dalili, domin giya na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon da likita ke zargi, wato gawut. Sai dai da yawa daga masu gawut ɗin da na gani a unguwannin Hausawa, daga Agege zuwa Idi-Araba, ba su taɓa ɗanɗana ta ba.

Ga yadda ciwon yake. Akwai wani sinadari a jini da ake kira yurik asid, ragowar abin da jiki ya sarrafa ne, kuma ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa ta fitsari. Idan ya taru ya haura kusan 6.8 a ma'aunin da ɗakunan gwajinmu ke amfani da shi, sai ya fara daskarewa ya zama ƙananan tsinkaye masu kaifi a cikin gaɓa. Ya fi son gaɓar da ta fi sanyi da nisa daga ƙirji, shi ya sa kusan rabin masu ciwon a gindin babban yatsan ƙafa yake fara musu. A wajen yawancin mutane matsalar ba yawan cin nama ba ce, ƙodar ce ba ta fitarwa yadda ya kamata, nama kuwa shi ne ashanar da ke kunna wutar. Shi Alhaji komai ya haɗu masa: kwana uku yana cin hanta da ƙoda da kayan cikin ragon layya, yana korawa da lemon kwalba mai sanyi, ga shi maganin hawan jinin da yake sha yana da sinadarin sa fitsari, irin wanda aka san yana riƙe yurik asid a jiki.

Da a nan muka tsaya, da an rubuta masa magani ya tafi gida yana sa mana albarka. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Dokar da aka koya mini ita ce mai ciwon suga ba ya fita daga ɗakin duba marasa lafiya sai an ga ƙafafunsa biyu tsirara, ko da ciwon kai ya kawo shi. Na ce, "Baba, a cire ɗayan takalmin." Ya ce wannan ƙafar lafiyarta ƙalau, ita ce ma ke ɗauke da shi tun da ɗayar ta ƙi takuwa. Akwai kunya a ciki, na gane, dattijo ya miƙa wa sa'ar 'yarsa tafin ƙafar da ta wuni cikin roba. Na juya wajen ɗansa na ce ya taimaka wa Baba. Da yaron ya zare safar, sai da ya ɗan kau da kai. Safar ta manne da fata, ga tabon jini da mugunya.

A tafin ƙafar hagu, daidai tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa, akwai rami mai faɗin kusan santimita 2, kanta mai kauri ta zagaye shi kamar bakin rijiya. Tsakanin yatsu ya yi fari ya jiƙe, diddige duk faso. Na danna gefen ramin da ƙarfi ina kallon fuskarsa. Ko gezau. Sai da ɗansa ya ɗauki hoton wurin a waya ya nuna masa, sannan ya ce, "Innalillahi, wannan a jikina yake?"

Da muka bi diddigi, allura ta tono garma. Kusan mako uku kafin Sallah, wani mai yankan farce da ke zagaya rumfuna ya kankare masa kantar da reza, har ɗan jini ya fito, aka goge da auduga aka manta. Tun daga nan ƙafar tana shiga roba da sassafe ba ta fita sai lokacin alwala, a wanke a mayar ba a tsane ba. Da gawut ya kama ta dama, sai ya ɗora dukkan nauyinsa a kan ta hagu, yana taka mikin kwana da kwanaki bai sani ba.

Abin da ya hana shi sani shi ne asalin lamarin. Sugan da ya daɗe yana sama yana cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa ya hauro. Da na tambaye shi, ya yarda cewa shekara biyu ke nan yana jin kamar a kan katifa yake tafiya, wani lokaci silifas kan fita daga ƙafarsa sai wani ya nuna masa. Da can yakan ji zugi da dare kamar ana soka masa allura, daga baya ya daina, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Ba sauƙi ba ne, jijiyar ce ta gama mutuwa. Mai tambaya zai ce, to ta yaya ya ji ciwon gawut? Kumburin cikin gaɓa ciwo ne mai zurfi da ƙarfi, yakan ratsa ko da jin fata ya tafi.

Gwajin jin ƙafa ba shi da wuya. Muna da wani ɗan zaren roba kamar na fatsa, wanda ke lanƙwasa idan an danna shi da nauyin giram 10. Mutum ya rufe ido, a taɓa wurare a tafin ƙafarsa, ya ce "eh" duk inda ya ji. A hagu Alhaji bai ji ko ɗaya ba, a dama ya ji wuri guda. Inda babu zaren, akwai gwajin da likitocin garin Ipswich na Ingila suka fito da shi, wanda kowa zai iya yi wa mahaifinsa a gida: a taɓa kan yatsa na farko da na uku da na biyar na kowace ƙafa da ɗan yatsan hannu, a hankali, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Wanda bai ji biyu ko fiye daga cikin shidan ba, jinsa ya ragu. Bayan haka likita ya laluba bugun jini a bayan ƙafa da kuma bayan idon sawu ta ciki. Duka suna bugawa. Wannan ne labari mai daɗi na farko a ranar, domin mikin da jini ba ya isa gare shi da wuya ya warke komai kyawun wankin da ake masa. Ya zura ƙaramin ƙarfe mai tsabta cikin ramin, bai taɓo ƙashi ba. Hoton ƙashi da aka yi washegari shi ma bai nuna cutar ta shiga ƙashin ba.

Suganshi a lokacin 310 ne, wato ya yi sama ƙwarai. Gwajin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ba da 10.4, alhali abin da ake nema ga yawancin masu ciwon kusan 7 ne. Ƙodarsa kuma tana aiki kusan rabin yadda ya kamata, ga shi ya kwana biyu yana zuba mata diklofenak.

Ko a kan ƙafar daman ma likita bai yi gaggawar yanke hukunci ba. Ƙafa mai zafi da kumburi a jikin mai suga tana iya zama gawut, tana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓa, tana kuma iya zama wata matsala da ake kira ƙafar Sharko, inda ƙasusuwan ƙafar da ta rasa ji ke rugujewa a hankali mutum yana takawa. Hanyar da ta fi tabbatar da gawut ita ce a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba, mu kuma ba mu da kayan yin haka. Abin da ya karkatar da likita shi ne ba zazzaɓi, fatar wurin ba ta fashe ba, ciwon ya zo dare ɗaya, kuma ya taɓa zuwa ya tafi. Ya ce idan kwana biyu ba sauƙi, ko zazzaɓi ya shigo, a wuce babban asibiti ba jira. Gwajin yurik asid kuma ya ce a bari sai an yi mako biyu zuwa huɗu, saboda a tsakiyar ciwo yakan nuna kamar lafiya lau ya ruɗi mutane.

Zaɓen maganin gawut ɗin sai da aka yi tunani. Diklofenak da danginsa sun fita saboda ƙoda. Firednisolon, wani maganin kumburi, yana aiki, amma zai ƙara hura sugan da ya riga ya kai 310, ga miki mai mugunya. Sai aka tsaya a kan maganin gawut da ake kira kolcisin, ɗan kaɗan, tare da gargaɗin ya dakata idan gudawa ta kama shi. Aka canza maganin hawan jinin zuwa losatan, wanda ke kare ƙodar mai suga kuma yana ɗan rage yurik asid. Cikin kwana biyar yatsan ya saɓe. Wannan ɓangaren ke nan, bai ba mu wahala ba.

Mikin ne ya cinye mana wata uku. Likita ya yanke kantar da mataccen naman da ke gefe, aka yi masa allurar tetanos, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu, aka fara masa insulin, abin da ya ƙi da farko don ya ji ana cewa wanda aka fara wa allura ya kusa. Muka rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa don likitocin suga su gan shi, mu kuma muka riƙe wankin ciwo duk bayan kwana biyu. Amma babban maganin mikin tafin ƙafa ba a kwalba yake ba. Shi ne a daina taka shi. Hanyar da ta fi inganci ita ce a sa wa ƙafar siminti irin na karaya wanda ba ya ciruwa, bayan an shawo kan mugunyar. Alhaji ya ce sam. Motocin albasa daga Arewa da dare ko da asuba suke isowa, dillalin da ba ya tsaye a bakin mota wani ne zai karɓe masa mutanensa. Muka daidaita a kan soso mai tauri da aka yanke wa rami daidai mikin, da takalmin asibiti mai ɗage gaban ƙafa, da sanda, da kujera a rumfa, yaron kuma ya riƙa zuwa bakin mota.

Sai maganar alwala, wadda ta fi ciniki damunsa. Ban tsaya yi masa fatawa ba, ba hurumina ba ne. Na ce ya tambayi limaminsu. Ya dawo da amsar da na san zai samu, cewa shafa a kan bandeji ya halatta ga mai rauni. Daga ranar ya daina kwance ɗaurin a ɓoye. A ganina duk ma'aikacin lafiyar da ke kula da Musulmi mai miki a ƙafa, idan bai tayar da maganar alwala da kansa ba, to ya bar ƙofa a buɗe, domin majinyacin ba zai tambaya ba, zai dai jiƙa ciwon sau biyar a rana.

A mako na biyar ramin ya ragu da rabi. A na shida ya ɓace mana kwana tara. Da ya dawo mikin ya ƙara faɗi, an cusa masa wani baƙin gari. Albasa ta yi tsada, motoci sun zo a jere, ya tsaya da kansa dare uku cikin takalmin roba, da ya ga wurin yana ruwa kuma wani maƙwabcinsa ya kawo masa maganin da aka ce ya warkar da gyambon wani a kasuwar Alaba Rago. Na ji haushi, ban ɓoye ba. Amma faɗa ba ya rufe miki. Na ce masa, "Baba, bari in gaya maka abin da aka gani a ƙasar nan, ba a Turai ba." Tsakanin 2016 da 2017 an bi majinyata 336 da aka kwantar da mikin ƙafa na ciwon suga a manyan asibitoci shida na Najeriya. Fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma suka rasu. Mafi yawansu sun iso ne bayan ciwon ya yi nisa. Ya yi shiru, can ya ce akwai wani abokin cinikinsa da aka yanke wa ƙafa bara, aka ce sammu ne. Ban ce komai a kan sammu ba. Na ce, "Shi ma yana da suga?" Ya ce yana da shi.

Daga nan bai ƙara tsallake ranar wanki ba. A mako na goma sha ɗaya fata ta rufe.

A tsakanin nan an yi gwajin yurik asid, ya nuna 8.9. Tun da ciwon ya zo sau uku ga kuma raunin ƙoda, likita ya fara masa alofurinol, maganin da ke rage sinadarin, da ɗan kaɗan, ana ƙarawa a hankali ana gwaji, da nufin a sauko ƙasa da 6. Na gaya masa abu biyu. Idan ya ga ƙuraje a jiki ko bakinsa ya fashe, ya tsayar da maganin nan take ya zo, don akwai waɗanda jikinsu ke ƙin sa ƙwarai. Na biyu, a watannin farko ciwon kan iya motsawa saboda tsofaffin tsinkayen suna narkewa, kada ya ce maganin ne bai karɓe shi ba. Haka kuwa aka yi, a wata na biyu idon sawunsa ya kumbura, ya ajiye ƙwayar mako guda kafin ɗansa ya kira ni. Sai da aka koma baya aka sake hawa.

Kan abinci ban ɗora masa dogon jerin haramci ba, don na ga yadda ake yi: a hana dattijo nama da wake da tumatir da komai, ya gaji ya watsar duka. Na ce ya bar hanta da ƙoda da kayan ciki da kifin gwangwani, ya rage jan nama ba ya daina ba, lemon kwalba da maltina kuwa su ne abokan gabarsa ta fuska biyu, ta suga da ta gawut. Kindirmo marar sukari ya sha, ruwa ya yawaita. Gyaran abinci kaɗai ba ya sauko da 8.9 zuwa 6, wannan aikin ƙwaya ne.

Ranar da fata ta rufe ya zo mana da buhun albasa, yana cewa an gama. Sai da na zaunar da shi. Cikin mutum goma da mikinsu ya warke, kusan huɗu yakan dawo musu kafin shekara ta zagayo, jijiyar da ta mutu kuma ba ta farfaɗowa. Mai suga da ƙafarsa ke lafiya sau ɗaya a shekara ake duba masa ita, amma irin Alhaji da ya taɓa yin miki duk wata ɗaya zuwa uku ne. Muka tsara abin da zai shiga cikin ranarsa ba tare da ya zama sabon aiki ba. A alwalar isha'i ya duba tafin ƙafa da madubi, ko yaron ya duba masa da fitilar waya. Ya ajiye ƙaramin tawul ya riƙa tsane tsakanin yatsu. Man kaɗanya a diddige saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. Ya zura hannu cikin takalmi kafin ƙafa, don ƙusa ko tsakuwa. Farar safa, don tabo ya nuna. Ba gasa ƙafa da ruwan zafi, ba tafiya ba takalmi ko a harabar masallaci da rana, ba reza, mai yankan farce kuma su gaisa kawai. Takalmin roba sai ranar da ruwa ya ci kasuwa, da safa biyu a aljihu. Na kuma yi masa maganar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar Legas. Ya ce ai wannan na 'yan gari ne. Shekara talatin yana biyan kuɗin rumfa a Ikko, har yanzu baƙo yake ganin kansa. Ɗansa ya ce zai je ya tambayo yadda ake rajista.

Zuwansa na ƙarshe, matsakaicin sugan ya sauko 8.1, yurik asid 6.4. Kanta ta fara taruwa a tsohon wurin, likita ya kankare ta, a ƙarƙashi akwai ɗan ɗigon jini da ya daskare, alamar har yanzu wurin yana shan nauyi fiye da kima. Muka sake yanka masa soso. Ya ce zai tafi gida wata biyu idan an fara cire albasa, kuma a can gona sai da ƙafa. Na rubuta takarda ga duk likitan da zai gan shi a Birnin Kebbi, na lissafa magungunansa da ranar da ya kamata a sake duba ƙafar, na ba ɗansa lambar asibitinmu, na ce duk Juma'a ya turo min hoton tafin ƙafafun biyu. Juma'a biyu sun wuce, hoto ɗaya ya zo, na ƙafar dama.